Raunin Tayroyid da Kasuwar Haɗe-haɗen Tsirrai

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu da wani siririn nama ya haɗa su a tsakiya, wadda nauyinta a jikin baligi bai cika wuce giram 25 ba, likitoci kuma suna kiranta tayroyid. Yawancin mutane ba sa sanin da zamanta sai ranar da ta kumbura ta zama maƙoƙo, alhali kuwa aikinta ya shafi kusan kowace gaɓa, domin ita ce ke samar da sinadarai biyu daga cikin waɗanda ake kira homon, wato saƙonnin da jini ke ɗauka daga wata gaɓa zuwa sauran sassan jiki. Sinadaran biyu, da ake taƙaita sunansu da T4 da T3, su ne ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi, suna da hannu a bugun zuciya da motsin hanji, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta jariri ba ta ginuwa yadda ya kamata in babu su. Idan tsokar ta gaza samar da abin da zai wadaci jiki, sai a ce mutum yana da raunin tayroyid, daga nan kuma sai komai nasa ya koma tafiya a hankali: kasala da yawan barci, jin sanyi a lokacin da wasu ke fifita, ƙaruwar ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, dashewar murya, mantuwa da ƙuncin zuciya, ga mata kuma rikicewar al'ada da wahalar samun ciki ko yawan ɓari.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ta keɓanta da wannan ciwo, tun da ƙarancin jini da ciwon suga da rashin isasshen barci, har ma da ɗawainiyar yau da kullum, duk suna iya kawo irinsu, kuma ta wannan ƙofa ce kasuwar haɗe-haɗen tsirrai ta shigo. Kwalabe ne na kafso da gari da ruwa, mafi yawansu daga Amurka da Indiya da Turai, waɗanda yanzu ake samu a kemis da shagunan sayar da magungunan gargajiya, ana kuma tallata su ta waya da alkawarin cewa za su farfaɗo da tayroyid ta hanyar da ba ta da illa. Duk wanda ya karanta jerin alamomin da ke jikin tallan zai ga kansa a ciki. Hanya ɗaya tak da ake tabbatar da ciwon kuwa ita ce gwajin jini, inda ake auna wani homon mai suna TSH, wanda wata ƙaramar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fitutari, ke aikawa domin ta umarci tayroyid da yin aiki. Idan T4 ya yi ƙasa a jini, fitutari kan ƙara yawan umarnin, saboda haka hauhawar TSH tare da faɗuwar T4 ita ce shaidar rauni, ba nauyin jiki ko yawan hamma ba.

Kafin a yi hukunci a kan kowane tsiro, wajibi ne a san dalilin da ya sa tsokar ta raunana, domin dalilan sun sha bamban ƙwarai. A duniya baki ɗaya, babban dalili shi ne ƙarancin sinadarin aidin a abinci, wanda da shi ake gina T4 da T3, kuma lambobin 4 da 3 ɗin adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowane ɗayansu. A wuraren da aidin ya wadata kuwa, abin da ya fi yawa shi ne cutar Hashimoto, wadda ta samo sunanta daga wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, da ya bayyana ta a 1912, kuma a cikinta garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta riƙa cin tsokar sannu a hankali har ta lalata ta. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Akwai kuma waɗanda aka cire musu tsokar ta hanyar tiyata, da waɗanda aka ƙona musu ita da gangan domin magance yawan aikinta, da waɗanda wasu magungunan zuciya ko na taɓin hankali suka taɓa musu ita, da jariran da aka haifa ba ta cika ba. Misalin bambancin kamar injin niƙa ne: idan gari bai fito ba saboda babu hatsi, kawo hatsi ya wadatar, amma idan injin ne ya lalace, ko buhu nawa aka zuba masa ba zai niƙa ba, ƙila ma ya ƙara cushewa.

Adalci ne a faɗi cewa maganin maƙoƙo na farko da ya yi aiki da gaske daga tsiro ya fito. Likitocin Sin na dā sun daɗe suna ba masu maƙoƙo ciyawar teku, Turawa kuma suna ba su tokar soson teku, ba tare da ɗayansu ya san abin da ke warkarwa a ciki ba, sai a 1811 da wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois ya gano aidin a cikin tokar ciyawar teku. A 1820 wani likita a birnin Janeba, Jean-François Coindet, ya fara ba marasa lafiya aidin kai tsaye, maƙoƙo ya riƙa sacewa, amma ba a jima ba wasu daga cikin masu shan sa suka kamu da faɗuwar gaba da rawar jiki da rama, aka gane tun a lokacin cewa abin da ke gyara kaɗansa yana ɓata da yawansa. Bukatar baligi a rana maikrogiram 150 ce kawai, maikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Wasu nau'o'in ciyawar teku, musamman wadda ake rubuta sunanta kelp a jikin kwalabe, suna iya ɗaukar fiye da maikrogiram dubu a cikin giram ɗaya na busasshiyarta, adadin kuma yana sauyawa daga wannan girbi zuwa wancan.

Abin da ke faruwa idan aidin ya yi yawa an fayyace shi tun 1948, lokacin da masana biyu, Jan Wolff da Israel Chaikoff, suka nuna cewa tsokar kan dakatar da aikinta na ɗan lokaci idan aidin ya yi mata ambaliya. Lafiyayyiyar tsoka kan farfaɗo bayan 'yan kwanaki, amma wadda Hashimoto ta riga ta ci sau da yawa ba ta iya farfaɗowa, sai raunin ya ƙaru. Mai tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle kuma yana iya faɗawa cikin kishiyar matsalar, wato tsokar ta riƙa aiki fiye da kima. A gaɓar tekun tsibirin Hokkaido na Japan, inda ake yawan cin ciyawar teku, an samu maƙoƙon da yawan aidin ya haddasa, ba ƙarancinsa ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin tayroyid ta Amurka ta yi gargaɗi a 2013 game da shan duk wani kafson aidin ko na kelp da ya wuce maikrogiram 500 a rana. Saboda haka aidin, wanda ake yawan samu a cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa, yana da hatsari sosai ga mai cutar Hashimoto.

Inda ƙarancin aidin ne tushen matsalar, an daɗe da samun mafita mai araha da ta fi kowane kafso, wato gishiri mai aidin, wanda Suwizalan ta fara amfani da shi a 1922, Amurka ta biyo baya a 1924, Nijeriya kuma ta wajabta shi tun farkon shekarun 1990. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, saboda nisanta da teku da kuma irin cimarta. Binciken da aka yi a yammacin Sudan, musamman Darfur, ya danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero, domin geron yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tsokar ikon sarrafa aidin, haka kuma an ga irin wannan a Kwango game da rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba. Wannan ba dalili ba ne na barin fura ko tuwon gero, tun da illar ta fi bayyana ne a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Dalili ne na kula da gishirin da ke shiga miya. Gishirin gargajiya irin su manda da na Balma galibi ba a sa musu aidin, wanda aka sa wa kuma yana rasa shi a hankali idan aka bar shi a buɗe cikin rana da laima, don haka gishirin leda da aka adana a mazubi mai murfi ya fi wanda aka jibge a faranti a kasuwa.

Sauran abin da ke cikin kwalaben ya fi aidin tayar da hankali. Wata doka da Amurka ta kafa a 1994 ta ba kamfanoni damar sayar da haɗe-haɗen tsirrai da na bitamin ba tare da sun fara gabatar wa hukumar abinci da magunguna ta ƙasar hujjar cewa suna aiki ba, matuƙar dai ba su ce suna warkar da wata cuta ba, shi ya sa takardun ke cewa haɗin yana “tallafa wa” tayroyid, ba sa cewa yana magance rauninta. A wani bincike da aka buga a 2013, wasu masana na Amurka suka sayi iri goma na irin waɗannan haɗe-haɗe suka auna su, sai suka tarar da homon T3 a cikin tara, da T4 a cikin biyar, har da waɗanda takardarsu ba ta ambaci komai ba sai tsirrai, kuma adadin da ke cikin wasu ya kai ko ya zarce abin da likita zai rubuta. Ma'anar wannan ita ce mai shan su yana iya jin ƙarfi da gaske, amma ƙarfin daga maganin asibiti ya fito, wanda aka ba shi a ɓoye ba tare da awo ba, yawansa kuwa yana rikita bugun zuciya yana kuma zaizaye ƙashi, musamman ga tsofaffi da matan da suka daina al'ada. Wasu kwalaben ma busasshiyar tsokar tayroyid ta dabba ce a cikinsu, ta shanu ko ta alade, abin da ya kamata mai kiyaye halal ya lura da shi. A Nijeriya, lambar da hukumar NAFDAC ke ba maganin tsirrai a matakin farko, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce ta cewa an duba rashin cutarwarsa, ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce, kuma ana rubuta hakan a jikin kwalin da ƙananan haruffa.

Daga cikin tsirran da ake yayatawa, ashwaganda, wani tsiro da ya shahara a maganin gargajiyar Indiya, shi ne ya fi samun suna. Hujjar da aka fi kafawa da ita bincike ne da aka buga a 2018, wanda aka yi a Indiya a kan mutum 50 masu ƙaramin rauni, wato waɗanda TSH ɗinsu ya ɗan hau amma T4 yana daidai, inda aka ba rabinsu miligiram 600 a rana har mako 8, aka ba sauran kafson da babu magani a cikinsa, sai aka ga TSH ya sauka, T4 da T3 sun ɗan hau a wurin waɗanda suka sha na gaskiyar. Sakamako ne da ya cancanci a bi diddiginsa, sai dai mutum 50 a cikin wata biyu ba su isa a gina hukunci a kansu ba game da ciwon da ake rayuwa da shi shekaru, kuma babu mai cikakken rauni a cikinsu. A ɗaya gefen kuma, an samu rahotannin mutanen da ashwaganda ya tunzura musu tsokar har ta wuce kima, a 2020 kuma likitoci a Aisland da Amurka suka bayyana mutum biyar da hantarsu ta taɓu har suka yi shawara bayan shan sa. Ƙasar Denmak ta hana sayar da shi a cikin irin waɗannan haɗe-haɗe a 2023, bisa fargabar tasirinsa a kan homon da kuma juna biyu.

Habbatus sauda tana da matsayi na musamman a zukatan Musulmi, kuma an gwada ta a kan wannan ciwo: wani bincike da aka yi a Iran aka buga a 2016 ya ba masu cutar Hashimoto, su 40 duka-duka har da rukunin kwatanci, giram 2 na garinta a rana har mako 8, aka ga TSH da alamun farmakin garkuwar jiki sun ragu. Abin farin ciki ne, kuma babu laifi ga mai son cin ta daidai wa daida, amma binciken bai nuna cewa tana maye gurbin magani ba, bai ma yi nufin nuna hakan ba. Zogale abinci ne mai gina jiki, sai dai gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna ruwan ganyensa yana rage T3 ne, ba ƙara shi ba. Sinadarin seleniyam, wanda ba tsiro ba ne amma kusan kowace kwalba na ɗauke da shi, shi aka fi yi wa bincike mai zurfi: yana rage alamun farmakin garkuwa a takardar gwaji, amma wani babban gwaji da aka yi a Denmak a kan mutum 412 na tsawon shekara guda, wanda aka buga a 2024, bai ga wani bambanci ba a yadda marasa lafiya ke ji a jikinsu tsakanin masu shan sa da masu shan kafson da babu komai. Yawansa kuma yana zubar da gashi yana karya farce.

Duk da haka mutane da yawa suna rantsuwa cewa sun warke, kuma mafi yawansu ba ƙarya suke yi ba. Ƙaramin rauni, wato inda TSH ya ɗan hau amma T4 yana daidai, yakan koma daidai da kansa: a wani gwaji da aka yi a ƙasashe huɗu na Turai aka buga a 2017, kimanin uku cikin kowane biyar na tsofaffin da aka fara samu da hauhawar TSH sun koma daidai da aka sake auna su, ba tare da sun sha komai ba. Haka kuma kumburin tayroyid da ke samun wasu mata a cikin shekarar farko bayan haihuwa yakan wuce da kansa ga mafi yawansu. Wanda ya sha tsiro a irin wannan lokaci dole ya danganta sauƙin da shi. Abin da ya fi ruɗarwa kuma shi ne maganin asibitin kansa yana daɗewa a jini, domin sai bayan kimanin mako guda rabinsa ke fita, saboda haka wanda ya ajiye shi ya koma ga kwalba yana iya yin makonni yana jin garau, ya ba da shaida, wasu su saya, kafin ciwon ya dawo a hankali yadda ba zai ma danganta shi da barin maganin ba. Ƙarshen raunin da aka yi watsi da shi yana iya zama ciwon zuciya ko wata irin suma mai tare da sanyin jiki wadda ke kisa.

Masu talla kan kira maganin asibiti sinadarin bature, su kira nasu na halitta, amma tarihin maganin ya rushe wannan rabo. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata mai tsananin rauni allurar ruwan tayroyid ɗin tunkiya, ta farfaɗo ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. A 1914 Edward Kendall ya ware T4 zalla a Amurka, a 1927 kuma aka iya haɗa shi a ɗakin bincike a Landan. Ƙwayar da ake bayarwa yau, lebotairoksin, ita ce T4 ɗin da jiki ke yi, babu bambanci a gininsu, jiki kuma shi ke juya ta zuwa T3 gwargwadon bukatarsa. Fifikonta a kan tsokar dabba shi ne an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya. Tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kuɗinta na wata bai cika kai na kwalba ɗaya ta haɗin da aka shigo da shi daga waje ba.

Yawancin masu cewa maganin bai karɓe su ba, yadda suke shan sa ne ke da gyara. Ana haɗiye shi da ruwa zalla da sassafe, kafin a ci komai da minti 30 zuwa 60, ko kuma da dare bayan abinci ya daɗe da sauka, domin hanji ba ya tsotse shi sosai idan ya haɗu da wasu abubuwa. Maganin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi mai kalsiyam, da farin ruwan nan na olsa, duk suna riƙe shi a hanji, don haka ake raba tsakaninsu da awa 4. Kofi da awara da madarar waken suya su ma suna rage shigarsa, ke nan wadda ta haɗiye ƙwayarta ta bi ta nan take da kofi da awara ba ta samu cikakken abin da aka rubuta mata ba. Garin zogale da sauran haɗe-haɗe masu ƙarfe da kalsiyam su ma a nisanta su da lokacin shan sa. Bayan fara magani ko sauya adadinsa ana sake gwajin jini a mako 6 zuwa 8. Bitamin ɗin da ake kira bayotin, wanda mata ke sha domin gashi da farce, ba ya taɓa tsokar, amma yana rikita na'urar gwaji har ta nuna sakamakon ƙarya, shi ya sa ake dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ba da jini.

Babu inda wannan magana ta fi nauyi kamar wajen mai juna biyu, domin a watannin farko ɗan tayi ba shi da tsokar da ke aiki, da homon ɗin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma bukatar uwar na ƙaruwa tun makonnin farko har takan kai a ƙara mata kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take sha. Sau da yawa kuma a wannan lokaci ne dangi da maƙwabta, da kyakkyawar niyya, ke ba ta shawarar ta ajiye ƙwayoyin asibiti ta koma ga na itatuwa don kada su taɓa cikin, alhali ajiyewar ce ke jawo ɓari da haihuwar bakwaini da tauyewar basirar yaro. Mace mai raunin tayroyid da ta ga alamar ciki ta garzaya asibiti a makon da ta gani, kada ta jira ranar awo, ta kuma raba maganin ƙarin jinin da za a ba ta da ƙwayar safe. Wanda kuma ya riga ya sayi wata kwalba, ko yana cikin shan ta, ya ɗauke ta da kwalinta ya kai wa likita ko masanin magunguna su karanta abin da ke ciki tare, a kuma auna masa TSH kafin ya ƙara haɗiye ko da kafso ɗaya.